Sulen azurfata na Ingila ya yi duhu, in wanke shi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina zaune a Landan, bara na sayi kiraun (crown, babban sulen azurfa) ɗin Sarauniya Biktoriya na 1847, bugun furuf (proof, wato bugu na musamman), wanda ake kira Gothic, kuma kuɗi na zuba ba kaɗan ba. Yanzu gefensa ya yi duhu, shuɗi-shuɗi haka, hankalina ya tashi. Abokina ya ce in goge shi da makilin ko lemun tsami. Ya lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, bai lalace ba, amma don Allah ajiye makilin ɗin nan. Duhun da ka gani haɗuwar azurfa ce da sinadarin salfa da ke cikin iska, kuma masu tara sulalla har ƙarin kuɗi suke biya idan launin ya zauna da kyau.

Wallahi na gaji da maganar wanki. Kullum sai an kawo min sule an dirje shi yana walƙiya kamar sabon faranti, mai shi yana murna wai ya gyara, alhali fuskar nan mai kama da madubi da aka samu ta hanyar bugu fiye da sau ɗaya da gogaggen hatimi ita ce furuf ɗin, ita ka saya, kana gogawa ta tafi kenan, babu maƙerin da zai dawo da ita. Ko tsumma mai laushi yana barin siraran zane, kamfanonin tantance sulalla NGC ko PCGS na dubawa za su rubuta an wanke, su hana shi lambar daraja, farashi ya faɗi warwas. Guda 8,000 fa aka buga na 1847 ɗin nan. Abin da ya fi ban haushi ma furuf ɗin Sarki Edward na 7 na 1902, shi da gangan aka yi shi dishi-dishi, amma sai wani gwanin YouTube ya ce datti ne.

Riƙe kiraun ɗinka ta baki kawai, ka fitar da shi daga leda mai laushin nan ta PVC, ka sa a kwanson roba mai tauri, nesa da danshi. Tunda jabun Gothic sun yi yawa, ɗora shi a sikeli, ya kamata ya ba ka kusan giram 28.3, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. In da saɓani, kai wa Spink, dillalan sulalla, su duba, ai kuna gari ɗaya.