Keɓe wurin ajiye mota a ƙofar gida domin mai nakasa a Ingila

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za a keɓe wa mahaifiyarki mai keken guragu wurin ajiye mota a ƙofar gidanku a Ingila. Allah ya ƙara mata lafiya. Ƙaramar hukumarku ce ke da wannan hurumi, kuma abin da za ta fara nema shi ne katin Blue Badge, wato katin izinin ajiye mota na masu nakasa, wanda kuɗinsa bai wuce fam 10 ba. Yawancin ƙananan hukumomi kan nemi shaidar cewa an yi wa motar rajista da adireshin gidan, kuma babu gareji a harabarsa.

Ki kula da wannan sosai: ko an shata wurin da farin fenti, bai zama nata ita kaɗai ba, domin duk mai irin wannan kati yana iya ajiye motarsa a ciki. A wasu wuraren ma ba a cin tarar wanda ya tsaya ba da kati ba. Saboda haka ki nemi wanda doka ta ƙarfafa da allon sanarwa, ko da zai ɗauki watanni, ki kuma yi wa maƙwabta bayani tun kafin hukumar ta tuntuɓe su.