Noman da babu takin zamani: akwai riba ko asara ce?

Wani ɗan kasuwa daga nan Maradi ya turo tambaya, yana da garka rabin eka a bakin gulbi wajen Tibiri, yana so ya ciri jika 500 daga jarin shagonsa ya yi noman rani ba takin zamani ba maganin feshi, wai ya ji ana cewa irin wannan kaya sun fi tsada.

Alhaji, gaskiya tsadar nan a Turai take. A babbar kasuwa mai saye ba ya tambayar da mi aka noma tumatir, girmansa yake dubawa ya taya, kuma naka da na mai feshi kwando ɗaya dillali zai zuba su. Ribarka tana wuri biyu: kuɗin da ba ka kashe ba wajen taki da magani, sai masu saye da suka san ka, masu gidan abinci da ma'aikata da za ka riƙa kai musu har gida kana sanar da su ta WhatsApp. Nemo su tun kafin ka shuka.

Kar ka zuba jika 500 ɗin nan duka a lokaci ɗaya. Fara da kwata na filin, kuma ka fara da zogale, don yankinmu ya san shi, kasuwarsa ba ta mutuwa, in ya kama ana yanka yana tohowa, wanda bai shiga ba ka shanya ka sayar busasshe. Salati da kabeji su biyo baya lokacin sanyi. Tumatir kam a bar shi tukuna, tsutsar nan Tuta absoluta tana iya cinye garka ko da ana feshi balle babu.

Taki kuma ba kashin shanu ɗanye za ka watsa ba, rami za a haƙa a jera kashin dabbobi da kara da toka ana yayyafa ruwa ana juyawa, wata 2 zuwa 3 kafin ya ruɓe, ke nan tun kaka ake farawa. Maganin ƙwari ƴaƴan bedi ne a daka a jiƙa su kwana, a tace a sa ɗan sabulu a fesa da marece, sai dai yana son maimaici duk mako.

Abin da zai ci maka kuɗi ruwa ne da ƙwadago. Lissafa man injin ban ruwa da ladan yaron garka na wata 4, ka ware su gefe, kuma shekarar farko amfanin zai iya raguwa, kar wannan kuɗi ya zama na sarin kayan shago.