Noman ganye ba ƙasa, akwai riba kuwa?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kana da ɗan fili a bayan gida a Kano, kana so ka sani ko noman ganye a ruwa ba ƙasa, wato haidrofonik, zai kawo kuɗi. Nima shi nake taɓawa da bututun PVC da ɗan fanfo mai zagaya ruwa daga tanki zuwa saiwar ganyen. Akwai riba, amma fa ba a kowane ganye ba.

Alayyahu da rama ka cire su daga lissafi tun yanzu, mai fadama ruwansa kusan kyauta ne, takinsa kashin shanu, farashin da zai sayar da ɗauri a kasuwar Yankaba kai ko kuɗin sinadarin takin da ake zubawa a ruwa ba zai dawo maka ba. Latas ne abin yi, sai na'ana'a. Shi ma ba kasuwa za ka kai ba, otal da masu shawarma da manyan shaguna ne ke biyan ganye mai tsafta wanda ba yashi a jikinsa. Don Allah ka samu mai saye tun kafin ka sayi bututu ko ɗaya, latas baya jiran ciniki.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Da hunturu naka zai yi kyau wallahi, kwana 30 zuwa 40 bayan dashe ka cire, to amma lokacin ne na fadama ya cika ko'ina farashi ya karye. Sanda yake tsada kuwa, Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, ruwan tanki ya ɗumama, saiwar da ka sani fara tas ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi tana wari, ganyen ya yi ɗaci ya miƙe zai yi fure. Ni binne tankin na yi a ƙasa, na ja ragar inuwa a sama, sannan abin ya yi sauƙi.

Sai wuta. In NEPA suka ɗauke da azahar fanfo ya tsaya, kafin la'asar duk sun yanƙwane, saboda haka kuɗin sola na cikin jari. Ka sayi mitar pH mai auna tsamin ruwa, ka riƙe ruwan tsakanin 5.5 da 6.5, kuma sinadarin takin kashi biyu yake zuwa, A da B, kar ka gauraya su tsuransu, kowanne daban ake zuba shi a tanki.

In jarin bai kai ba ka fara da tsarin Kratky, bokiti ne da murfi kawai ba fanfo ba wuta, in latas ɗin ya yi ka kai wa mai shawarman unguwarku ya ɗanɗana ka ji nawa zai iya ɗauka duk sati.