Ga ƙanwata mai shirin tahowa Ingila karatun jinya

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, Allah ya sanya albarka a gurbin karatun da kika samu. Kin ce hira da Turanci ba ta ba ki wahala, amma da kin buɗe littafin kwas ko wasiƙar ofishin biza sai ki ji kamar wani yare ne daban, har kin fara zargin kanki. Daina zargin kanki. Lallai wasu yarukan ne a cikin Turancin, kuma in kin san inda kowanne ya fito, tsoron zai ragu sosai.

Tushen Turanci na ƙabilun Anglo-Saxon ne, waɗanda suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmark tun ƙarni na 5. Kalmomin cikin gida irin su house, water da mother nasu ne. 'Yan Viking, mayaƙan teku daga yankin Denmark da Norway, da suka zauna arewa da gabashin Ingila daga ƙarni na 9 suka ƙara egg, knife, sky, har da they. A 1066 William na Normandy da ke arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, fada da kotu suka koma Faransanci, kuma sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci. Kusan shekara 300 ke nan talaka na magana da harshe ɗaya, mai mulki na hukunci da wani. Shi ya sa court, judge, prison da government duk ta Faransanci suka shigo.

Wannan rabuwar tana nan har yau. A titi za a ce miki start, buy, live, ask; a wasiƙar hukuma ko takardar haya sai ki ga commence, purchase, reside, enquire. Ma'ana ɗaya ce. Ki san manyan domin karatu, amma don Allah kada ki ɗauke su zuwa gadon mara lafiya. Mu 'yan Najeriya mun saba auna ilimin mutum da nauyin Turancinsa, ga shi kuma tsohuwar da ke kwance cikin ciwo gajerun kalmomin da ta tashi da su take son ji. Malaman jami'a ma bayani a fili suke ba maki.

Ki kula a kanti. Dabbar da talaka ke kiwo ta riƙe sunanta na Turanci, naman da ke zuwa teburin masu mulki ya ɗauki na Faransanci: cow da beef, sheep da mutton, pig da pork. Saboda haka ba lallai ki ga pig a jikin leda ba. Pork, bacon, gammon, lard da ham duk alade ne, gelatine ɗin alewa ma sau da yawa daga jikinsa ake yi.

Harshen asibiti kuwa Girkanci ne da Latin, kuma shi ya fi sauƙi. Kin tuna a Islamiyya yadda kitab da katib da maktab suka fito daga tushe guda? Haka nan ake haɗa su. Nephr ƙoda, hepat hanta, cardi zuciya, derm fata. Itis kumburi, ectomy cirewa, ology fannin ilimi. Da kin ga nephrectomy ba sai kin nemi ƙamus ba, cire ƙoda ne. Ki sayi ƙaramin littafi tun kina gida, ki riƙa rubuta waɗannan gutsattsarin. Sun fi miki haddar dogayen kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai waɗanda za ki ji kamar 'yan gida ne, domin mu da Turawa daga Larabci muka aro su. Sugar sukarinmu ne, zero da cipher sifili ne, coffee kuma gahawa ce, ta bi ta Turkanci kafin ta iso. Alcohol daga al-kuhl ya samo asali, wato kwalli. Algebra daga sunan littafin masanin lissafi Al-Khwarizmi ne, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, algorithm ɗin da masu kwamfuta ke yawan faɗa kuma sunansa ne bakin Turawa ya lanƙwasa. Mulkin mallakar da Ingila ta yi wa Indiya ya kawo shampoo, bungalow da pyjamas. Aron bai tsaya ba: a 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da Kannywood da okada, abin da ya faranta min rai ƙwarai.

Sunayen garuruwa ma haka. Chester, caster ko cester a ƙarshen suna daga castra ne na Latin, sansanin sojan Rumawa: Manchester, Lancaster, Leicester. Masu ƙarewa da by, kamar Derby da Grimsby, matsugunan Viking ne. Sai dai rubutu daban, furuci daban. Leicester ana cewa Lesta, Worcester Wusta, Derby kuma Dabi. Kafin ki je sayen tikitin jirgin ƙasa, ki saurari sunan garinki a intanet daga bakin 'yan garin. Ki turo min ranar saukarki da wuri in nemi hutu a wurin aiki, ki kuma gaida su Inna.