Me ya haɗa ciwon mahaifa da daskarewar jini a ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yayata 'yar shekara 44 ta daɗe tana fama da ƙarin mahaifa da zubar jini mai yawa. Kwanaki ta yi mako guda kanta na ciwo, sai hannunta na hagu ya mutu. An ce jini ne ya daskare a ƙwaƙwalwarta, wai mahaifar ce sila. Ta yaya? Ni ma jinin al'adata yana yi mini yawa, hankalina ya tashi.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Abin da likitocinta suka faɗa yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Mahaifa da ƙwaƙwalwa suna nesa da juna, amma jini ɗaya ne ke zagaya su.

Daga bayaninki, na fi zargin ƙarancin jini. Mace mai ƙari takan zubar da jini wata bayan wata har sinadarin ƙarfe na jikinta ya ƙare. Mutane kan ɗauka cewa jinin da ya yi ƙaranci ba zai daskare ba. Ba haka ba ne. Idan ƙarfe ya yi ƙasa, ɓargo yakan ƙara yawan ƙananan ƙwayoyin nan masu sa jini ya yi guda, jajayen ƙwayoyin kuma su ƙanƙance su rasa laushi. Sai guda ya toshe manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa. Jini na shiga, hanyar fita a toshe, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Shi ya sa ciwon kai ke riga komai zuwa: kusan tara cikin goma na masu irin wannan toshewar suna yinsa, kuma yakan yi kwanaki yana ƙaruwa kafin amai, dishi-dishin gani, jijjiga ko mutuwar hannu su biyo. Wannan makon da Yaya ta yi tana ciwon kai shi ne ya fi tsaya mini a rai, don a lokacin ne hoton MRI ko CT na jijiyoyi zai iya kama shi.

Wani lokaci kuma maganin ne ke ƙara wa wutar mai. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, waɗanda ake bayarwa don rage zubar jini, suna ƙara haɗarin daskarewa, balle ga mace da ta haura 35 tana shan taba, ko mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Ki tambayi Yaya abin da take sha kafin ta kwanta rashin lafiya.

Ƙari babba yana iya danne jijiyoyin ƙugu, guda ya taru a ƙafa. Idan ya ɓalle, yawanci huhu yake nufa, sai dai kusan mutum ɗaya cikin huɗu na da 'yar ƙofa a tsakiyar zuciya da ba ta rufe ba tun haihuwa, ta nan gudan kan iya ɓullawa zuwa kai.

Akwai kuma adinomiyosis, wato shimfiɗar cikin mahaifa ta tsiro a cikin naman bangonta. Likitoci, musamman a Japan, sun ba da rahoton mata 'yan shekara arba'in da ɗoriya da suka sami toshewa a wurare da dama na ƙwaƙwalwa lokaci guda, sau da yawa a kwanakin al'ada, tare da hauhawar CA125, wani sinadari da ake aunawa a jini, nesa da iyakarsa ta 35. Yana kama da daskarewar jinin masu ciwon daji da likita Armand Trousseau na Faransa ya bayyana a 1865. Game da endomitiriyosis kuwa, wato irin wannan shimfiɗar ta tsiro a wajen mahaifa, wani bincike a Amurka da ya bi ma'aikatan jinya mata sama da 112,000, aka wallafa a 2022, ya nuna haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 34 cikin 100 ga masu cutar.

Jinyar Yaya sai an yi taka-tsantsan. Maganin tsinka jini, wanda akan fara da allurar hefarin a ci gaba da na sha tsawon wata 3 zuwa 12, yana ƙara zubar jinin al'ada. Dole likitan mata da na ƙwaƙwalwa su haɗa kai: a cike mata ƙarfe, a tsayar da zubar ta hanyar da babu istirojin, sannan a duba batun tiyata. Kada ta daina magani da kanta don ta ga jini ya ƙaru, ta koma wurinsu a ranar.

Ke kuma, idan al'adarki na wuce kwana 7, ko kina canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko kina ganin manyan gudaji, ki je a auna jininki da ƙarfen jikinki, a yi miki hoton mara. Awon himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, ko da kina jin ƙarfinki. Idan kuwa baki ya karkace, harshe ya sarƙe, ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan da ya toshe jijiyar kai jini ana yinta ne cikin awa huɗu da rabi na farko.