Bidiyon koyar da manhaja ya yi nauyi, kwastomomi sun ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi, ina saka wa masu butiki manhajar lissafin kaya da bashi a kwamfuta da waya. Kwastomomina sun kai har Tasawa da Dakwaro da Madarumfa. Don in rage yawo sai nake ɗaukar bidiyon allon kwamfutata, ina nuna yadda ake shigar da kaya da fitar da rasit, in tura musu ta WhatsApp. To bidiyon minti goma sai ya haura mega 400. In na tura shi a matsayin bidiyo rubutun ya dushe, in na tura shi a matsayin fayil su ce ya cinye musu forfe, wato datar da suka saya. Ƙarshenta dai sai sun kira ni. Wani yarona ya ce in sayi sabuwar kwamfuta, ko manhajar ɗaukar bidiyo ta kuɗi. Ina da jika ɗari biyu a ajiye. In zuba su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bar jika ɗari biyun nan inda suke. Sabuwar kwamfuta ba za ta rage maka nauyin ba, in ma allonta ya fi kaifi fayil ɗin na iya ƙara ƙiba. Abin da kake nema yana cikin saitin da ke hannunka, kuma kyauta ne.

Kafin mu taɓa saiti, ka gane wanda ke biyan kuɗin bidiyon nan. Kai sau ɗaya kake ɗora shi. Amma in mutum talatin ka tura wa, kowannensu sai ya sauke mega 400 da forfensa, ya kuma nema masa wuri a wayar da hotunan biki da wa'azi suka riga suka cika. Kamar ka aika wa mutum kwali ɗaya na sabulu ne a cikin akwatin ƙarfe, ka ce shi zai biya kuɗin mota. Ba ƙin koyo suke ba, lissafi suka yi: kiranka ya fi musu araha.

Nauyin bidiyo lissafi ne mai sauƙi. A saitin manhajar ɗauka za ka ga wata lamba da Mbps a gabanta, ita ce yawan datar da bidiyon ke ci a kowace daƙiƙa. Ninka ta da 7.5, ka samu megan da minti ɗaya zai ci. In tana kan 6, minti ɗaya mega 45 ke nan, minti goma mega 450, daidai abin da kake gani. Sauko da ita zuwa 1, minti ɗaya ya koma mega 7.5. Kada ka ji tsoron hoton zai lalace. Bidiyo ba ya adana kowane hoto cikakke, yawanci abin da ya canza tsakanin hoto da na bayansa yake ajiyewa. A wasan kokawa komai motsi yake, shi ya sa yake buƙatar data mai yawa. Allon lissafi kuwa fari ne da rubutu, ba abin da ke motsi sai ɗan kibiyar linzami. Saitin da aka yi domin masu ɗaukar wasannin kwamfuta kake amfani da shi a kan takardar rasit.

Haka lambar da ke da fps a gabanta, wato hoto nawa ake ɗauka a daƙiƙa. Yawancin manhajoji kan 30 ko 60 suke zuwa. Mayar da ita 15, ba wanda zai lura. Girman hoton ma, 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, shi kuwa 720 bai kai miliyan 1 ba, ƙasa da rabi ke nan. Mai butikin da zai kalla a ƙaramar Itel ko Tecno, 720 ya ishe shi. Muryarka kuma sa ta kan 64 kbps, wajen rabin mega a minti, magana ce ba kiɗa ba.

Yanzu maganar dushewar rubutu, wadda ita ce ta tura ka aika fayil ɗanye. WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma ƙananan haruffa ne ke fara mutuwa. In aka tura a matsayin fayil ba ya taɓa shi, yana karɓar har jiga 2, shi ya sa nauyin ke isa ga kwastoma yadda yake. Maganin yana wurin ɗauka. Ƙara girman rubutun allon zuwa kashi 150 cikin ɗari kafin ka fara. Ɗauki tagar manhajar kaɗai, ban da sauran allon. Cire hoton da ka yi wa allon ado da shi, sa launi ɗaya. Rage jan shafi sama da ƙasa, don duk sanda ka ja, allon gaba ɗaya ya canza, nauyi ya hau. Kuma ka tuna allon kwamfuta a kwance yake, mai kallo kuma waya ce a hannunsa: abin da kake karantawa ba wahala a inci 15, shi sai ya ƙanƙance ido.

Kayan aikin duk kyauta ne. OBS Studio yana ɗauka a kwamfuta, yana barinka ka saita duk lambobin nan. HandBrake kuma yana matse bidiyon da ka riga ka ɗauka, don haka tsofaffin ba su zama asara ba: zaɓi MP4 da salon matsewa H.264, sa 720, kai lambar RF, wadda ke saita yawan matsewa, wajen 26 zuwa 28, ka duba ko rubutu na karantuwa. Za ka ga H.265 a jerin, kuma gaskiya ya fi matsewa, amma wasu tsofaffin wayoyi na wahala da shi, ni dai ban ba ka shawararsa ba. A waya kuwa, tun daga Android 11 da ya fito a 2020 akwai abin ɗaukar allo a ciki, ba sai ka sauke manhajar da za ta manna maka tambarinta a kan aikinka ba.

Amma in ka tambaye ni, Alhaji, babban ciwon minti goman ne. Mai shago yana tsaye, mai saye na jiran canji, abu ɗaya ya manta: yaya ake rubuta bashi? Ba zai zauna ya nemi wurin a tsakiyar dogon bidiyo ba. Yanka shi. Shigar da kaya, bidiyo ɗaya. Fitar da rasit, ɗaya. Bashi, ɗaya. Rufe lissafin yini, ɗaya. Kowanne minti ɗaya ko biyu, sallama gajeriya, sai aiki. Rubuta abin da za ka faɗa a takarda tukuna, ka gwada sau ɗaya ba tare da ɗauka ba, saboda "to, bari mu gani" da jiran shafi ya buɗe duk data suke ci. Minti biyu a kan lamba 1 mega 15 ne da ɗan ƙarin murya. Sa wa kowane fayil suna da Hausa, yadda zai gano shi bayan wata uku. Wata riba kuma: ranar da manhajar ta canza wani maɓalli, guntu ɗaya za ka sake, ba duka ba.

Sannan ba dole komai ya bi ta intanet ba. Ranar da kake saka wa mutum manhaja, wayarsa na hannunka, zuba masa guntayen gaba ɗaya ta Xender ko kebul, ko dala bai kashe ba. Ka faɗa masa cikin farashi yake, domin abin talla ne: manhaja da darasinta da Hausa. Na nesa da sababbin darussa su ne na WhatsApp.

Abu ɗaya da bai shafi nauyi ba amma ya fi shi haɗari: kada ka ɗauki bidiyo a kan lissafin gaske. Sunan wanda ake bi bashi, lambar wayarsa, ko farashin sarin wani butiki in suka fito a allo, bidiyon zai zaga kasuwa, kuma ba ka da hanyar dawo da shi. Buɗe shagon gwaji da sunayen ƙirƙira, kashe sanarwar saƙonni, kada lambar sirri ta bayyana. In ka gama guntun farko, tura shi wayar yaron shagonka, wadda ta fi kowacce tsufa, ka sa shi ya bi darasin ya fitar da rasit ba tare da ka ce masa komai ba. Inda ya tsaya ya tambaye ka, nan za ka sake ɗauka.