Tambaya da Amsa: Tafiya Gida Sallah da Zaman Gidan Yawa

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan komawa gida Sallah suka zo, wasu daga masu shirin kama hanya, wasu daga waɗanda za a sauka a wajensu. Ga biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Ina kasuwanci a Agege. Bana ina so in kai iyalina Kano mu yi Babbar Sallah: ni da maiɗakina da yara uku, ƙaramin yana shan nono. Yaushe ya kamata mu tashi, kuma wace mota za mu shiga? Daga wani magidanci, Legas.

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara tsayar da ranar tashi kafin maganar mota. Yawancin mutane sai Sallah ta rage kwana biyu ko uku suke cika tasha. A lokacin kuɗin mota yake tashi, direbobi kuma suna rige-rigen su sauke su juyo su sake lodi, wani ya yi sawu biyu bai runtsa ba. Ku tashi ana saura kwana biyar zuwa bakwai. Babbar Sallah tana da sauƙin lissafi: da zarar fadar Sarkin Musulmi ta sanar da tsayuwar Zulhijja, ka san ranar 10 ga wata ce Idi.

Tsakanin Legas da Kano ya haura kilomita 1,000, kuma da wuya a yi shi ba a kwana a hanya ba. Da yaro mai shan nono, shawararmu ku raba tafiyar biyu, ku kwana wajen ɗan'uwa a Abuja ko Kaduna, da safe ku ƙarasa. Idan kun sauka Abuja, akwai jirgin ƙasa daga tashar Idu ko Kubwa zuwa Rigasa da ke Kaduna, awa biyu zuwa uku. Ana sayen tikitin ta intanet, ana neman lambar NIN, kuma dab da Sallah nan da nan yake ƙarewa.

Ku hau mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Motar bakin titi ta fi araha, amma in wani abu ya faru babu wanda ya san kun shige ta. Ka tambayi direba hanyar da zai bi, ta Jebba da Mokwa ko ta Lakwaja, da inda dare zai same ku. Sannan ka zagaya motar da kanka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko wadda ta suɗe, ita ce take fashewa idan kwalta ta ɗauki zafi ga nauyin kaya. Ka ga safaya da idonka. A 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa a farkon damina, don haka ka duba ko abin share gilashi yana aiki.

Ka biya kujeru huɗu. Uwa da jariri a cinya, wani yaron kuma a kan ƙafarta har sama da awa goma, ba tattali ba ne, wahala ce. A jakar hannu a sa ruwa, biredi, dafaffen ƙwai, dabino, leda, zani, farasitamol na yara, da ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, biyu ko uku (ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta). A guji fura da nonon da suka sha rana a bakin hanya. Ka rubuta lambarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, domin a wurin tsayawa cin abinci ake ɓacewa. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce.

Mu gidan gandu ne, mazajenmu uku wa da ƙanne, surukarmu tana nan da ranta. Mu 16 ne a gidan. Duk Sallah ƙannen maigida biyu suna zuwa daga Abuja da Fatakwal da iyalansu, su 13, su yi mako guda. Ni ce matar babban wa, girki a hannuna yake. Abinci ya ƙare, ruwa ya ƙare, a rabu da ƙananan maganganu. Yaya zan yi bana? Daga wata uwargida, Zariya.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Abin da ke cin gidanku shi ne ana zuwa ba a yi magana ba, kowa yana jin nauyin kowa, sai tukunya ta gaza sannan bakuna su buɗe. Maganar kuma ba daga bakinki ya kamata ta fito ba. Ki zauna da maigida ana saura mako biyu, shi ya kira ƙannensa ya tambayi abu uku: mutum nawa ne, yaushe za ku iso, yaushe za ku koma. A wannan kiran ne zai faɗi abin da cefanen makon zai ci da kason kowa. A raba bisa yawan bakuna, ba bisa yawan ɗakuna ba, a lissafa yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 a matsayin babba ɗaya. A turo kuɗin kafin a taso, saboda kayan miya a jajibere ba farashinsu ɗaya da na makon da ya gabata ba. Buhun da wani zai sauke daga but ranar isowa tsaraba ce, Allah ya saka, amma ba a gina lissafi a kanta.

Ga lissafin. Mutum 29, idan aka haɗe yara, za su tashi kamar manya 22. Kwanon shinkafa, wato tiya, kimanin kilo biyu da rabi ne, yana ciyar da manya 16 zuwa 18 idan da miya. Kenan kwano ɗaya da rabi a girki guda. In sau ɗaya ake dafa ta a yini, mako zai ci kwano 10 zuwa 11, wato rabin buhu mai kilo 50. Garin tuwon dare ma kusan haka. Ki ɗora rubu'i a kai saboda maƙwabta da almajirai da masu yawon Sallah. A kai niƙa da markaɗe tun ana saura kwana uku, don mai inji ma yana da Sallarsa. A cika tukunyar gas, a tanadi gawayi ko itace a inda ruwan sama ba zai taɓa ba.

Ruwa ya fi abinci haddasa rigima, kuma shi ake mantawa. Ki ƙiyasta jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane mutum a yini, sha da alwala da wanka da wanke-wanke. Kurar 'yan garuwa jarka 10 zuwa 12 take ɗauka, kenan kura biyu zuwa uku kullum, ranar yanka da wankin kayan ciki ma fiye. Da yawan 'yan garuwan kuma ƙauye suke tafiya Sallah. A yi magana da wanda zai tsaya tun da wuri, a cika tanki da durorin gida kafin jajibere. Idan masai ko sokawe ta kusa cika, a kira masu kwasa yanzu, domin ƙarin mutum 13 shi zai tumbatsa ta ana tsakiyar hidima. Safiyar Idi a yi wa yara wanka tun bayan asuba, a ƙaro butoci da bokitai.

Wajen kwana, 'yan mata su koma ɗakin kakarsu, samari su koma shago ko zaure, a raba shimfiɗar yaran da suka kai shekara 10 kamar yadda addini ya koyar. A ɗaura wa kowa gidan sauro. Zazzaɓin da yaro ya ɗauka a nan ba ya nunawa sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, lokacin an koma Abuja, sai a fara cewa abincin gida ne ko wani abu aka yi masa.

Sai facalolinki. Ranar isowa baƙi ne, su huta. Daga washegari 'yan gida ne, a sa su cikin jerin girki, kowace rana mace biyu, ta gida ɗaya da wadda ta zo ɗaya, saboda ta gida ce ta san inda ludayi yake da yawan gishirin da tsohuwa take so. Ki roƙi surukarku ita ta faɗi wannan tsarin da bakinta. Abin da uwar miji ta faɗa umarni ne, in ke kika faɗa za a ce mulki kike yi. A ware akwati ɗaya mai makulli don kuɗi da gwala-gwalai da wayoyi, domin ɓatan abu guda a gidan da ya cika da yara yana iya ɓata zumuncin shekara. Yaron wata kuma in ya yi laifi a tsawatar, a kai ƙara wajen uwarsa, kada a kai hannu.

Ina da mata biyu a gida ɗaya. Zan je Katsina Sallah amma da ɗaya kawai zan iya tafiya. Wa zan ɗauka, kuma zan rama wa wadda ta zauna kwanakinta? Daga wani mai karatu, Kaduna.

Alhaji, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A mazhabar Malikiyya an bai wa miji damar zaɓa a tafiya irin wannan, kuma ba a rama kwanakin tafiya, in an dawo sai a ci gaba da rabo. Mu dai abin da muka ga ya fi kwantar da gida shi ne karɓa-karɓa: bana wannan, baɗi waccan, a faɗa a gabansu su biyu tun da wata guda. Wadda za ta zauna ka cika mata cefane da kayan Sallar yara, ka bar mata abin layya da wanda zai yanka, kada ta wuni tana jiran a aiko mata daga maƙwabta. In akwai wata sarƙaƙiya a rabon kwananku, ka kai wa malamin unguwarku ya ji daga ɓangarorin biyu.

Muna zaune a gidan haya, mu shida masu ɗakuna, mita ɗaya, banɗaki biyu. Zan tafi Gombe kwana goma. Me zan yi kafin in rufe ɗaki? Daga wata ma'aikaciya, Mararaba.

'Yar'uwa, fara da kuɗin haɗaka. Ki biya kasonki na wuta da shara kafin ki tafi, in kuma kina son ragi saboda ba kya nan, ki nema yanzu a gaban kowa. Ranar da ta faɗo miki ta wanke banɗaki ki yi musanya da wata.

A ɗaki, ki kwashe komai daga firji, ki cire shi daga soket, ki goge, ki bar ƙofarsa a ɗan buɗe. Firjin da aka rufe da danshi funfuna yake yi, wanda aka bari da nama kuma in wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, warinsa har ɗakin maƙwabta. Ki rufe gas, ki zare kan tukunyar gaba ɗaya. Ki cire duk wani abu daga soket saboda wutar da take dawowa da ƙarfi. Ki tabbatar famfo a rufe yake ko da ba ruwa, don famfon da aka buɗe aka manta shi yake cika ɗaki ranar da aka tayar da injin ruwa. Ki ɗage katifa da buhun abinci daga ƙasa, ki zubar da ruwan bokitai, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Mutum ɗaya amintacce ki bar wa makulli da ranar dawowarki. Hotunan Sallah kuma ki adana su a waya, kya sa a Facebook bayan kin dawo.

Duk shekara mahaifiyata tana ba ni naman layya in taho da shi Fatakwal, amma kafin mako ya zagayo ya fara yami. Ina kuskuren yake? Daga wata matar aure, Fatakwal.

Ruwa ne ya rage a cikinsa. A yanka naman ƙanana, kada ya wuce girman kwalin ashana. A sulala shi da gishiri da citta da albasa har ruwan jikinsa ya tsotse, sannan a soya a mai mai yawa, kitsen ragon ko man gyaɗa, da wuta matsakaiciya. Wuta mai ƙarfi bayan take ƙonawa ta bar cikin da danshi. Alamar ya yi ita ce kumfa da ƙarar man su lafa, in kika raba tsoka ɗaya ki ga cikinta a bushe har tsakiya. A tsame a kwando, a baza a faranti ya huce sarai. Wanda aka ɗaure a leda da ɗuminsa gumi yake yi, kuma wannan gumin ne yake lalata shi tun a mota.

Hanta da huhu da sauran kayan ciki a soya su daban, a cinye su a gida, ba na tafiya ba ne. Na tafiya a zuba shi a kwano mai murfi ko kwali da aka shimfiɗa wa takarda, a ajiye nesa da injin mota. Fatakwal gari ne mai laima, abin da zai yi wata a Sakkwato ba zai yi ba a can. Kina isa ki sake soya shi sama-sama, ki bari ya huce, sannan ki riƙa maimaitawa duk bayan kwana biyu ko uku in ba ki da tsayayyiyar wuta. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da hannu ba. Wanda ya riga ya yi yauƙi ko ya canja wari a zubar da shi, sake suya ba ta gyara shi.